Gida Ɗaya, Sau Ɗaya

Duk wanda ya taɓa tsayawa layi a bayan Verna Hostetler a kantin Brubaker ranar Laraba, ba sai an yi masa wa'azi a kan haƙuri ba. Laraba ce ranar da kantin ke ninka rangwame, ita kuwa Verna takan turo kura biyu shaƙe da kaya, ga kwalin takalmi a hammata cike da 'yan takardun rangwamen da ta yanko daga jaridun Lahadi. Mai karɓar kuɗi za ta yi ta dannawa, kuɗi na sauka, na sauka, har kayan da za su cinye albashin mako su dawo kuɗin kofin shayi. Akwai ranar da lissafi ya zarce ƙasa, kanti ne ya biya ta. Ta karɓi canjinta, ta waiwayo ta dubi layin da ya miƙe har wajen firjin nama, tana jira a tafa mata. Mu kuwa madararmu ta riga ta ɗumame a hannu.

Kada a ɗauki alhakinta, ba rowa ke damunta ba. In ka kwanta rashin lafiya Verna ce farkon mai zuwa dubiya, da kwalaben man wanke gashi fal leda. Abin da ba ta iya jurewa kawai shi ne ta biya cikakken kuɗin abu. Takan ji kamar an mare ta a gaban jama'a. Ɗakin ƙasan gidanta ya cika har rufi da man goge baki, alhali mijinta Delbert haƙoran roba gare shi, a kofi suke kwana. Ga abincin kyanwa buhu-buhu, su da ba su taɓa kiwon kyanwa ba. In ka tambaye ta sai ta ce ai kyauta ya zo, wa zai bar kyauta a kanti?

Delbert ya yi ritaya daga masana'antar taya, mutum ne mai sanyin hali, shekara arba'in da ɗoriya da aure ba a taɓa jin muryarsa a waje ba. Shi dai a bar shi a kujerarsa ta falo, matarsa na gefe tana yanke-yankenta, yana gyangyaɗi yana jin ƙarar almakashi. Ba ya neman abin da ya wuce haka daga duniya.

Rigimar ta faro ne daga wani kamfanin sabulun wanki. Irin tayin nan ne na a saya a mayar maka da kuɗinka: ka sayi kwali huɗu, ka yanke lambar jikin kwalin, ka haɗa da rasit ka aika ta gidan waya, bayan 'yan makonni su aiko maka da cek na dala goma. Da takardun Verna sabulun kusan kyauta yake, don haka cek ɗin riba ce tsantsa. Sai dai a ƙasan takardar, da ƙananan baƙaƙen da sai da tabarau, an rubuta: gida ɗaya, sau ɗaya.

Ran Alhamis matan da ke musayar takardun rangwame suka haɗu a ɗakin taron coci kamar kullum. Arlene Stutzman, wadda suka daɗe suna 'yar tsama da Verna a kan wa ta fi iya sayayya, ta buɗe jaka ta zaro cek biyu tana fifita da su.

"Biyu?" in ji Verna. "Ke ba ki karanta ba ne? Gida ɗaya, sau ɗaya."

"Ai gidan mamata daban."

"Mamarki da ke gidan tsofaffi? Matar da ke kiranki da sunan karenta?"

"Tana da adireshi, Verna. Ba su tambayi sunan da take kirana ba."

Matan suka kwashe da dariya. Verna ta yi murmushin yaƙe, amma abin ya tsaya mata a rai. Ita mahaifiyarta ta daɗe a maƙabarta, 'yarta kuwa tana can jihar Arizona mai nisa, kuma ta riga ta gargaɗe ta cewa in ta sake aiko mata da rasit za ta sauya lambar waya. Tana shiga harabar gida da mota sai idonta ya faɗa kan garejinsu, wanda ke tsaye shi kaɗai a gefe, da ƙofarsa da 'yar tagarsa. Ta daɗe zaune tana kallonsa, ko injin ba ta kashe ba.

Washegari ta kafa sabon akwatin wasiƙa a bakin garejin, ta rubuta lambar gidan ta ƙara harafi a gaba. Mista Tibbs mai raba wasiƙu ya zo ya tsaya, ya dubi akwati, ya dubi gareji, ya gyara zaman jakarsa.

"Misis Hostetler, wa ke zaune a nan?"

"Me ya dame ka da mai zama? Akwati dai ga shi."

"Ni ba na kai wa injin yankan ciyawa wasiƙa. Ki nuna mini mutum mai rai da ke kwana a ciki, shi ke nan."

Da yamma ta dafa wa Delbert dankali da nama, ta jira ya sa cokali.

"Del, kana son gareji, ko ba haka ba?"

"Ina sonsa mana."

"Kullum kana ciki kana ƙwanƙwashe-ƙwanƙwashe."

"Haka ne."

"To me zai hana ka koma can gaba ɗaya? Na ɗan lokaci. Har cek ya zo."

Delbert ya ajiye cokali. "Verna, kora ta kike yi?"

"Haba, wace irin kora? Taku nawa ne daga nan? Dala goma fa, Del. A zaune. Ba abin da za ka yi sai kwana."

"In ba ki dala goman daga aljihuna mana."

"Taka ai tamu ce! Ta kamfani nake so."

Ya daɗe yana kallonta. Ita kuwa ta ɗauki shirun nan a matsayin amincewa, don haka ta saba ɗaukarsa tun suna saurayi da budurwa. Kafin rana ta faɗi an kai masa gadon tafi-da-gidanka, da bargo, da kofin haƙora.

Cek ya zo da sunan Delbert, a akwatin gareji. Da abin ya tsaya nan da sauƙi. Amma ai ba kamfanin sabulu kaɗai ke mayar da kuɗi ba. Masu batir na yi, masu ƙwan lantarki na yi, masu man mota na yi, kuma kowannensu gida ɗaya sau ɗaya ya ce. Yanzu Verna gida biyu gare ta. Cek ɗaya bai gama zuwa ba ta aika neman wani, ɗan lokacin nan ya yi ta miƙewa har ganyen bishiyoyi ya soma ja, alamar sanyi ya kusa. Tsoronta ɗaya, kada Mista Tibbs ya hango Delbert a falo asiri ya tonu, don ta ji an ce wasa da wasiƙa na kai mutum kurkuku. Sai ta kafa doka: ba shiga gida da rana, ba shanya kayansu a igiya ɗaya. A coci ma ta ce ya koma bencin baya.

To, ka san garin nan. Mutum ya koma gareji, ya daina zama kusa da matarsa a coci, me kake so mutane su ce? Nan da nan labari ya zaga cewa Verna ta fitar da bawan Allah. Mu kuma a nan ba mu iya jaje da baki ba, da faranti muke yi. In an yi maka mutuwa, ko gobara, ko mace ta bar ka, za ka buɗe ƙofa ka tarar da gasasshiyar taliya da kaza da cuku an rufe da takardar gwangwani. Zawarawan cocin suka ɗaura ɗamara. Wannan ta kawo taliya, waccan ta kawo naman gashi, wata ta kawo kek ɗin tuffa da ɗuminsa. Har Arlene Stutzman sai da ta zo da nata, ta tsaya a bakin gareji tana ɗaga murya don a ji a cikin gida: "Ka ci, Delbert, da man shanu na gaske na yi, cikakken kuɗinsa na biya!"

Verna na laɓe a bayan labule tana kallo. Kishi ya ɗan tsunkule ta, ba za a ce bai yi ba. Amma da ta lura cefanen gidan ya ragu da rabi tunda gari ke ciyar da mijinta, sai ta ji zuciyarta ta yi sanyi. Har ta aika masa da robobi ya riƙa ajiye mata saura.

Fasto ma ya zo. Ya zauna a bakin kujera tsakanin tarin jaridu, ya ce aure abu ne mai wuya, amma ba a rasa hanyar sulhu. Verna ta so ta gaya masa gaskiya, sai ta tuna matarsa ƙanwar Mista Tibbs ce. Ta sunkuyar da kai ta ce a dai taya su da addu'a. Da zai tafi ta ba shi man goge baki.

Sanyi ya shigo da ƙarfinsa. Wata safiya Delbert ya farka ya tarar ruwan kofin ya daskare da haƙoransa a ciki. Ya ɗauki kofin haka nan, ya zo ƙofar baya ya ƙwanƙwasa kamar baƙo.

"Verna, dubi." Maganar ma da ƙyar take fita, baki ba haƙori.

"Ayya! Kawo in sa a ruwan zafi. Amma ka tsaya nan, lokacin zuwan Tibbs ya yi."

"Ina so in dawo gida."

"Ka dawo mana, wa ya hana ka? Cek ɗin batir kawai muke jira. Da na tayoyin mota na lokacin sanyi. Akwai hita na ɗumama ɗaki da za a yi rangwamensa bayan Kirsimeti, rabin kuɗi, zan saya maka."

Ya karɓi haƙoransa ta tsakanin ƙofa, ya sa, ya ce ya gode. Kwana biyu bayan haka ya kama ɗaki a saman shagon Duane mai aski, a tsakiyar gari, ɗaki mai ɗumi da taga mai kallon titi. Ya zo da kansa ya gaya mata, yana tsaye a dusar ƙanƙara da hularsa a hannu. Ina jin yana jira ne ta ce kada ya tafi.

"Saman shagon Duane?" in ji Verna, idonta ya yi haske. "Yana da akwatin wasiƙarsa daban?"

"Yana da shi."

"Del! Gida uku ke nan!"

Ya mayar da hularsa, ya juya.

Saura yadda za a yi da gareji, don Mista Tibbs zai daina ajiye wasiƙa in ya ga ba kowa. Verna ta ɗauko tsohuwar rigar aikin Delbert da wandonsa, ta cusa musu jaridun da ta gama yankewa, ta ɗora hula, ta zaunar da abin a bakin taga ya ba titi baya. Mista Tibbs, wanda idonsa ya soma rauni, kullum sai ya ɗaga masa hannu. Har ya taɓa ce mata Delbert ya yi ƙiba, zaman kaɗaici ya karɓe shi.

Duk Asabar Delbert na gaske yakan zo ya turo cek-cek ɗin ta ƙarƙashin ƙofa, ya sa hannu a bayan kowanne, ya tafi bai ƙwanƙwasa ba. Da farko Verna ba ta damu ba, aiki ya yi mata yawa. Sai wata Lahadi da yamma tana tsakar yanka, ta ga wani rangwamen ban dariya, ta ce, "Del, ji wannan," ta juya. Kujera ba kowa. Ta ci gaba da yanka, amma ƙarar almakashin ta cika falon har ta dame ta. Ba ta ankara ba sai ga ta a gareji da kwalin takalminta, zaune kusa da mutumin jaridu tana karanta masa farashin wake. Ta yi haka ranar, ta sake washegari. Ran na uku ta ɗan taɓa hannun rigar, jarida ta yi ƙara a ciki, sai kuka ya zo mata. Ta yi kewar mijinta, kewa mai ciwo, kuma ta san ita ta fitar da shi da hannunta.

Amma Verna ba ta san yadda ake zuwa wajen mutum hannu rabbana ba. Sai da ta sami dalili. A jaridar mako na gaba ga takardar gidan abincin Hilltop: mutum biyu su ci, ɗaya ya biya, zuwa ƙarshen wata. Ta yanke ta a hankali, ta sa rigarta ta zuwa coci, ta hau matakalar saman shagon Duane tana haki.

Ɗakin tsaf yake. Kujera ɗaya, rediyo, da kwalbar man gyaɗa ɗaya tak a kan tebur. Ta dubi kwalbar ta san cikakken kuɗi ya biya, ta kau da kai.

"Na zo in kai ka cin abinci," ta ce, ta miƙa masa takardar.

Ya sa tabarau ya karanta har ƙananan baƙaƙen. "Mutum biyu," ya ce. "Ashe shi ya sa. Ai da kin ɗauki wancan na gareji, ba ya ci da yawa."

"Wa ya gaya maka?"

"Tibbs. Ya gan ni a nan ya kusa suma."

"Del, ba don takardar ba ce."

"Da babu ita, da kin zo?"

Verna tana da aibunta, amma ba ta iya ƙarya ido da ido ba.

Ya mayar mata da takardar. "Yaushe za ta mutu?"

"Ƙarshen wata."

"To ki zo ran ɗaya ga wata. In har lokacin kina son cin abinci da ni, zan sa riga. Ke za ki biya. Duka."

Kwanakin nan sun yi mata wuya ƙwarai. Takarda mai rai tana kwance a jakarta tana mutuwa a hankali, ita kuma tana kallo. Sau biyu ta ɗaga waya za ta kira Arlene su je tare don kada a yi asara, sau biyu ta ajiye. Ran ƙarshen wata ta zaga gidan abincin da mota, ta dawo gida da ciwon kai. Takardar kuwa ta kasa jefarwa, ta bar ta a aljihun jaka.

Ran ɗaya ga wata da azahar suka zauna a Hilltop, kusa da taga. Delbert ya sa farar riga, Duane ya yi masa aski. Ya nemi naman gashi, babba, da miya, da kek a ƙarshe, da kofi. Duk abin da ya ambata sai Verna ta lissafa kuɗinsa a ranta, amma ta daure ta ce ita ma a kawo mata irinsa. Suka ci. Ya ba ta labarin masu zuwa aski, ta yi dariya har ta manta da kanta. Ta lura ya rame a wuya, ta lura maɓallin hannun rigarsa ya kusa cirewa. Ta so ta ce ya dawo, ta ga bari dai a gama biya tukuna.

Jolene, dattijuwar da ke kawo abinci a wurin tun muna yara, ta ajiye takardar kuɗi a gaban Verna, ta dafa tebur.

"Verna Hostetler ba takarda? Yau za a yi ruwan kwaɗi. Ina taki ta mutum biyu?"

"Ta mutu jiya."

"Haba, don kwana ɗaya? Mai wurin ya ce mu riƙa karɓa har ƙarshen mako. Kawo, in cire miki rabi."

Verna ta ji kunnuwanta sun toshe. Ba ta yanke shawarar komai ba, hannunta ne ya tafi da kansa, ya buɗe jaka, ya shiga aljihu, ya fito da takardar tsakanin yatsu biyu. Shekara da shekaru yana wannan aiki, ba ya neman izini. Jolene ta miƙo nata hannun. Delbert ya ninke tsumman goge baki ya ajiye a gefen faranti, ya soma laluben hularsa a kan benci.

Verna ta san in ta mayar da takardar jaka za ta sake fitowa. In ta yaga, Jolene mai kirki ce, za ta haɗa da salatif. Hannun na ta matsawa gaba, ya kusa rabin tebur. Sai Verna ta sunkuya ta tare shi da baki.

Ta cusa takardar gaba ɗaya, ta hau tauna. Takardar jarida mai sheƙi ba ta da daɗi, tawada ta cika mata harshe, gefen ya kakkarce mata dasashi. Jolene ta tsaya da hannu a miƙe. Mutanen teburin kusa suka daina ci. Verna ta tauna, ta tauna, hawaye na zubo mata, idonta a kan mijinta, ta yi ƙoƙarin haɗiyewa abin ya maƙale.

Delbert ya saki hular. Ya turo mata kofin ruwansa.

Ta sha, ta haɗiye, ta yi tari. Sannan ta buɗe jaka ta biya duka, har ta ɗora wa Jolene na goro.

"Verna," in ji Delbert, "leɓenki ya yi shuɗi."

"Na sani."

"Akwai wuri a mota? Kujera ce kawai da rediyo."

"Akwai," ta ce. "In babu ma sai mu zubar da sabulun da ke ciki."